Neman tsirkiya mai sulɓi da ke fita garau a gajeriyar jitar bes

Jitar bes ɗin da nake kaɗawa gajeriya ce, ƙirar Mustang, irin wadda kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1966. Daga jakinta na ƙasa zuwa nat, wato ɗan farin abin nan mai tsaga huɗu da ke ƙarshen wuya, inci 30 ne, alhali yawancin jitocin bes da ke hannun makaɗa inci 34 ne. Ta hannu na saya, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Ba ta da nauyi a kafaɗa, yatsu ba sa wahalar miƙewa, sannan tana shiga adaidaita sahu ba tare da kanta ya leƙo waje ba. Duk wanda ke tsayuwa da jita a wuya tun daga bayan isha'i har a tashi daga dina ya san darajar wannan.

Mu 'yan kaɗan ne a ƙungiyarmu: mai fiyano, mai ganga, mai kalangu, mawaƙi, sai ni. Bikin aure ne yawancin aikinmu. Jefi-jefi kuma akan kira ni situdiyo a Zoo Road idan furodusa ya gaji da bes ɗin da ke cikin fiyanon Yamaha, yana son ya ji yatsun mutum a cikin waƙa.

Tsirkiyar da ta zo a kan jitar irin wadda kowa ya sani ce, mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyiyar waya. Ranar da aka ɗaura ta sabuwa za ka ji ta tangaran, sai dai Kano ba ta barin ta ta daɗe a haka. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, gumi ne ke shiga tsakanin naɗin. Da hunturu kuma ƙura ce ke bin gumin ta liƙe. Kafin ka ankara amon ya mutu, ga kan yatsu sun tsattsage saboda bushewa, kana goga su a kan waya mai kaushi. Abin da ya fi damuna shi ne situdiyo. Wani dare injiniya ya tsayar da ɗauka, ya cire abin kunnensa ya ce, “Oga, wannan ƙiƙ-ƙiƙ ɗin fa? Duk inda ka ja yatsa sai ya fito. In na rage shi, sai kiɗan naka ya bi shi.” Gaskiyarsa. Ƙarar gogar yatsa da kaifin kiɗan a wuri ɗaya suke zaune a cikin mikisa, ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya.

Na san maganin ƙiƙ-ƙiƙ shi ne tsirkiya mai sulɓi, wadda makaɗa ke kira filat. Ita a kan wayar cikinta siririn ƙarfe mai faɗi ake naɗawa, gefe na manne da gefe, sannan a goge shi ya yi sumul. Babu ramin da datti zai maƙale, babu abin da zai ci yatsa ko ya ci firet, wato ƙananan ƙarafunan da ke gicciye a kan wuyan jita. Na taɓa aron wata jita mai irin wannan tsirkiya a hannun wani dattijo da ke kaɗawa a coci a Sabon Gari, na tafi da ita biki. A hannu kam daɗi, ba a magana. Amma da mai ganga ya buɗe wuta, mai fiyano ya sa hannun hagunsa, sai kiɗana ya koma kamar mai magana da bakinsa cike da tuwo: ana jin ƙugi a ƙirji, ba a jin abin da nake faɗa. Mawaƙinmu ya waiwayo yana yi mini alama da hannu wai in ƙaro. Ba ƙara ce ta yi kaɗan ba, kaifi ne babu.

To, daga nan ne neman ya fara. Ina son sulɓin, ba na son dushewar.

Da na shiga bincike sai na ga ashe filat ita ce ta asali. Da ita jitar Precision ta Fender ta fito a 1951, kuma da ita aka yi ta kaɗawa har zuwa 1966, lokacin da kamfanin Rotosound na Ingila, tare da makaɗin nan John Entwistle, suka daidaita mai kaushin da ta zo ta cinye kasuwa. Na kuma gane cewa filat ba murya ɗaya gare ta ba. James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙa na Motown, kauraran tsirkiyoyin kamfanin La Bella yake sawa, ya bar su shekara da shekaru bai canza ba, don dum-dum ɗin nan mai zurfi yake so. Steve Harris na ƙungiyar Iron Maiden shi ma filat yake kaɗawa, na Rotosound, amma yana yawan sabunta su, kuma duk wanda ya saurare shi ya san kiɗansa ƙwas-ƙwas yake fita a tsakiyar hayaniya. Tsakanin mutanen nan biyu akwai fili mai faɗi, ni kuma ɓangaren na biyun na karkata.

Gajartar jitata ita ce ta ƙara wa lamarin wuya, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani. Idan ka ɗauki tsirkiya mai kauri ɗaya, ka ɗaure ta a murya ɗaya, ƙarfin ɗaurinta yana bin tsawonta ne sau tsawonta. Saboda haka abin da ke kan inci 30 bai wuce kashi 78 cikin 100 na ɗaurin da ke kan inci 34 ba. Tsirkiyar ta fi sako-sako ke nan. Ga ta kuma da kauri idan aka gwada da tsawonta, sai ta yi tauri wajen lanƙwasa, ƙananan amon sama da ke rakiyar babban amo su ragu, waɗanda suka saura ma ba sa zama daidai. Su kuwa waɗannan ƙananan amon, su ne kunne ke kamawa ya gane wace murya aka taɓa. Babbar tsirkiya, wato E, sau 41 kacal take kaɗawa a daƙiƙa, kuma yawancin sifikun da ake haya a wuraren bikinmu ba sa iya fitar da wannan da kyau. Abin da mutane ke ji a zahiri 'yan rakiyar ne. Gajeriyar jita tun asali tana da ƙarancinsu, filat ma haka. Ka haɗa biyun ba tare da lura ba, ka binne kanka.

Na fara da Sabon Gari, don nan ne shagunan kayan kiɗa suke, albarkacin coci-coci. Duk inda na shiga amsa ɗaya ce: mai kaushi, ta doguwar jita. Wani matashi ma ya ce, “Yallaɓai, ka ɗauki doguwar mana, in ka je ka datse.” Ban ce masa komai ba, na wuce wurin Baba mai gyara, wani dattijo da ke da ɗan ɗaki cike da wuyan jitoci da tsofaffin amfilifaya. Na gaishe shi, na faɗa masa shawarar da aka ba ni.

Ya girgiza kai. “Ɗana, kada ka soma. Mai kaushi tana iya yafe maka, wannan ba ta yafiya.”

Ya jawo wata tsohuwar filat daga cikin gwangwani ya nuna mini ƙarshenta. Can wajen sama kaurin yana ƙarewa, sai siririn wuri da aka naɗe da zaren siliki. Wannan siririn ne kaɗai aka yi don ya zagaya kunnen jita. Ya kama wurin mai kaurin ya lanƙwasa shi a jikin sukundireba, ina kallo naɗin ya buɗe baki, wayar ciki ta leƙo. “Ka gani? In ka ɗaura doguwa a gajeriyar jita, nan ne zai hau kunne. Ko ta tsinke, ko naɗin ya saki ta mutu tun ranar farko. In kuma ta yi maka gajarta, silikin ya zauna a kan nat, ita ma ta mutu. Kawo jitar mu auna.”

Awon nan shi ne abu mafi muhimmanci da na yi a duk tafiyar. Baba ya aiki yaronsa ya aro tef a wurin telan da ke maƙwabtaka da shi. Bai auna jikin jitar ba. Ya ɗauki alƙalami mai tawada ya yi ɗigo a kan babbar tsirkiya daidai bayan nat, ya kwance ta, ya zare ta, ya shimfiɗa a kan benci, sannan ya auna daga zoben gindinta zuwa ɗigon. Ta ɗan haura inci 32. Dalili kuwa, a ƙirar Mustang tsirkiya ba a jikin jaki take maƙalewa ba, ta bayan jitar ake zuro ta, ta ratsa katako, sannan ta hau jaki. Wannan ratsawar tana cin kusan inci biyu. A jadawalin kamfanin D'Addario, tsirkiyar gajeriyar jita ta wanda awonsa bai wuce inci 32 ba ce, matsakaiciya kuma daga 32 zuwa 34. Ashe jitata gajeriya ce amma tsirkiyar matsakaiciya take ci. Haka ma jitar Höfner irin ta Paul McCartney, inci 30 ce, amma saboda mariƙinta yana can nesa da jaki, tana da nata awon daban. Wanda ke da jita ƙirar Bronco, wadda ake maƙala tsirkiya a jikin jaki, shi gajeriyar za ta yi masa. Rubutun kan kwali ba ya isa, don kowane kamfani da abin da yake nufi da gajere.

Da awo a hannu, sai zaɓe. Na yi ta sauraron gwaje-gwaje a YouTube, kuma ina ba duk mai wannan nema shawara kada ya saurara da sifikar waya, ba ta fitar da komai na bes. Da abin kunnen situdiyo na riƙa ji, shi ma ban ba shi dukan amana ba, tunda hannun wani da amfilifayar wani nake ji.

La Bella na fara ajiyewa gefe, duk da ina ganin girmanta. Suna da saiti na musamman don Mustang, saboda su da kansu suna gargaɗin kada a zura filat ɗinsu na gama-gari ta cikin katako. Amma muryarta ita ce waccan mai zurfin, wadda ta dace da mai kaɗawa a wuri mai natsuwa. Pyramid Gold ta Jamus ma haka, zallar nikel ce, taushi gare ta. Thomastik-Infeld ta Ostiriya ta ja hankalina ƙwarai, don tsakiyar muryarta tana fita fes, kuma ana yabon daɗewarta. Abu biyu suka hana ni: an san ta da laushin ɗauri, ni kuma jitata ta riga ta yi sako-sako, hannuna kuma yana da nauyi, sai tsada, ga yadda dala take. Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki, irin GHS Brite Flats da D'Addario Half Rounds, waɗanda mai kaushi ce aka goge bayanta. Suna da kaifi, amma ba su kai sulɓin da yatsuna ke nema da hunturu ba.

Uku suka rage. Rotosound 77 an naɗe ta da monel, garwayen nikel da jan ƙarfe, tana da kaifi sosai tana sabuwa, kuma saitinta na gajere da matsakaici siriri ne, kauri 40 zuwa 90 in an kasa inci gida dubu. Ernie Ball Slinky Flatwound, wadda ta fito a 2015, an yi naɗinta da garwayen kobal, maganaɗisun fikof, wato abin da ke ɗaukar amon tsirkiya a jikin jita, yana jan sa sosai, kuma a kunnena ita ce ta fi kusa da mai kaushi a duk cikinsu. Da kaifi kaɗai nake nema, da ita zan ɗauka. Sai dai garwayen ƙarfe da kobal bai kai ƙarfen da ba ya tsatsa jure gumi ba, ni kuwa mutum ne mai gumin hannu, a garin da ake kiɗa cikin zufa. Ta ukun ita ce D'Addario Chromes, mai naɗin ƙarfen da ba ya tsatsa, wadda makaɗa suka daɗe da sanin ta a matsayin filat mai kaifi, kuma tana da saitin matsakaici, ECB81M, mai kauri 45, 65, 80, 100.

Kaurin ma sai da na yi ta jujjuya shi. Mutane da yawa suna cewa tunda gajeriyar jita sako-sako ce, a sa mata kaurara don ta ɗaure. Ɗaurin zai ƙaru, haka ne, amma taurin ma zai ƙaru, kaifin da nake bi ya ƙara nisa. Siririya sosai kuma za ta riƙa dukan firet a hannuna. Filat dama ta fi mai kaushi nauyi da tauri ko da kaurinsu ɗaya, don ƙarfe ya cike gurbin da iska ke zama a ɗayar. Sai na ga 100 a babbar tsirkiya ya ishe ni. Na tsaya a kan Chromes.

Samunta wani aiki ne. Wani mai shago a Legas ya turo mini hoto da farashin da ya yi araha har ya ba ni tsoro. Na nuna wa Baba, ya ce, “Araha ba ta ado, ɗana. Jabun tsirkiya ya cika gari.” Na haƙura na jira yayana da ke zuwa daga Ingila, na tura masa lambar saitin harafi-harafi, na roƙe shi ya duba M ɗin ƙarshe da kyau kafin ya biya. Da ta iso, ledar ciki a liƙe take, da lambar da kamfanin ke bugawa don a tantance ta gaske a shafinsu, na shigar ta amsa.

A wurin Baba muka ɗaura. Zoben gindin kowace da launinsa: ruwan tagulla na E, ja na A, baƙi na D, kore na G. Ya zura ta farko ta baya a hankali, ya sa hannu ya tare ta don kada ta karce jikin jitar, ya miƙe ta har kan wuya. Silikin ya faɗa bayan nat, bai taɓa shi ba, bai kuma bar mai kaurin ya kai kunne ba. Kafin ya datse rarar sai da ya lanƙwasa ta da filaya, sannan ya yanka bayan lanƙwasar, ya cusa bakin cikin ramin kunnen, ya naɗa zagaye biyu zuwa uku, kowane a ƙarƙashin na baya. Ya ce in lura kada tsirkiya ta murɗe a kan kanta yayin ɗauri, don murɗaɗɗiyar filat ba ta yin amo mai kyau. Da muka kai ta murya, ya sa babban yatsa ya danna kowace a kan jaki da kan nat don ta kwanta sosai.

Sai wuya ya ɗan rusuna, tunda jan ya ƙaru. Ya ɗauko alanki ya ɗaure ƙarfen cikin wuya rubu'in zagaye, ya ce mu sha shayi mu ba katako lokaci. Bayan nan ya bi firet na 12 yana gwada kowace tsirkiya da na'urar auna murya, yana matsar da 'ya'yan jaki gaba da baya har muryar sama ta yi daidai da ta ƙasa. Ƙarshe ya danna firet na ƙarshe ya duba tazarar fikof, ya bar kamar milimita 3 a ɓangaren babbar tsirkiya, ya ɗan ɗago ɓangaren ƙananan. Wannan gyaran da mutane ke rainawa, rabin kaifin a cikinsa yake.

Da ya jona ta a tsohuwar amfilifayarsa na taɓa, har wani ƙarfe-ƙarfe nake ji a sama, ya ma fi abin da na zata. A yatsu kuma da farko ba ta yi santsin da na sani a jitar dattijon nan ba, tana ɗan kama fata. Baba ya ce in ba ta lokaci, in riƙa goge ta da busasshen tsumma. Haka aka yi. Bayan 'yan makonni na kiɗa kamun ya tafi, ƙarfe-ƙarfen ya lafa, abin da ya rage shi ne wani gurnani a tsakiyar murya wanda ke ratsa ganga da fiyano ba tare da na ƙara ƙara ba. A nan filat ta bambanta da mai kaushi: tana sauka kaɗan daga kaifinta na farko, sai ta tsaya a nan wata da watanni.

A biki na farko da na kai ta, mai kalangunmu ne ya fara magana. Ya ce, “Yau kam ina jin inda kake taka, abokina.” Wannan ya fi mini komai, don ni da shi ne ke riƙe da ƙugun kiɗan, kuma idan ba ya jin bakin kowace murya tawa, ba ma haɗuwa. A situdiyo kuma injiniya ya buɗe mini sama yadda yake so, babu ƙiƙ-ƙiƙ ɗin da zai ɓoye.

Na kuma gyara hannuna don in taimaka mata. Maɓallin ton a buɗe nake barin sa gaba ɗaya, in ina son taushi in rage da kaina. Hannun dama na matsar da shi kusa da jaki, inda tsirkiya ta fi ɗauri, kuma a waƙoƙi masu sauri ina ɗaukar fik, ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, wanda ke fito da bakin murya ƙwarai a kan filat. A amfilifaya ba na ƙara can sama sosai, don babu abin da ke wurin sai shuu. Tsakiyar sama nake ɗagawa kaɗan, in rage ƙasan da ke cika ɗaki da ƙugi. Doguwar wayar jona jita ma na daina amfani da ita in ba dole ba, saboda tsawon waya yana shanye kaifin jitar da ba ta da batir.

Babbar tsirkiya har yanzu ba ta kai sauran ukun fita ba, musamman daga firet na bakwai zuwa sama, inda take yin kauri a kunne. Wannan halin inci 30 ne, ba na tsammanin akwai tsirkiyar da za ta kawar da shi gaba ɗaya. Abin da nake yi shi ne in ɗauki waɗannan muryoyin a kan A a ƙasan wuya, sai su fito garau. Da hunturu ya shigo katakon wuya ya bushe ya motsa, na mayar wa Baba ya sake taɓa ƙarfen ciki, ya kuma goge bakin firet da suka fara tsini a gefe. Tsirkiyoyin kuwa ko ɗigon tsatsa babu, kuma bayan kowane kiɗa ina zura tsumma ta ƙarƙashinsu in ja daga jaki zuwa nat kafin in rufe jaka.